Kabewar Ƙarƙashin Gado

"Yauwa, sannunmu dai. Ya gidan, ya..."

Malam Sammani bai ƙarasa gaisuwar ba. Ya tsaya cak a ƙofar da ta fito daga zaure zuwa tsakar gida, fartanya a kafaɗa, laka ta bushe masa har ƙauri, yana duban abin da ya yi masa sannu da zuwa. Muryar ta jikarsa Nafisat ce, zanen ma nata ne. Amma fuskar da ke gindin darbejiya an yaɓe ta da wani abu mai kauri ruwan ɗorawa, tun daga goshi har haɓa, ba abin da ke motsi a ciki sai idanu biyu.

Hantsi ne na bazara, ya dawo daga ban ruwan shinkafarsa a bakin kanal. Matan gidan duk sun tafi suna Bunkure tun da sassafe, aka bar Nafisat, wadda ba ta daɗe da dawowa daga bautar ƙasa a Kuros Riba ba, ta ce ita ba ta gama hutawa ba. Tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, irin wasan kaka da jika, ita kuma tun da ta iya magana take cewa ba ta son tsoho. Har yau ba a rabu ba, ba a kuma shirya ba.

"Baiwar Allah," ya ce, "ko kin ga matar gidan nan? Na bar ta da safe baƙa, mai ɗan kyau daidai talaka."

"Ni ce, angona. Ka shigo mana, ka tsaya a ƙofa kamar baƙo." Ta gefen baki take magana don kada abin ya tsage.

"Ke ce? To me ya same ki? In shawara ce ta kama ki, ki gaya mini tun da wuri in mayar da ke gidanku. Ni ban auri jinya ba."

"Gidanmu ai nan ne."

"To ni sai in tashi."

"Ka tashi ka je ina? Wa zai karɓe ka da haƙora huɗu?"

"Huɗun nan sun ci naman da ba ki taɓa jin labarinsa ba. Ki dai faɗa mini, lafiya kike?"

"Lafiyata ƙalau. Gyaran jiki nake yi."

Ya jingine fartanya, ya jawo kujerar tsuguno ya zauna. Gabansa ya ɗan faɗi da ya fara ganinta, amma tunda bakin yana nan da kaifinsa, ya san ba ciwo. Ta miƙo masa ruwan randa a moɗa, ya sha yana kallonta ta saman moɗar.

"Gyara kika ce. Ni na taɓa ganin an yi wa ɗaki yaɓe, ban taɓa ganin an yi wa mutum ba. Wane magini kika kira?"

"Kabewa ce, tsoho. Na ɗan dafa ta, na dama da zuma da kindirmo. Zafin kudu ne ya feso mini da ƙuraje, suka tafi suka bar tabo. Wannan tana sa fata ta yi laushi, tabon ya dinga bajewa. Wata mata na gani a waya tana yi."

"Ita matar, mijinta yana nan ko ya gudu?"

"Yana nan, shi ke riƙe mata wayar."

"Allah ya ba shi ladan haƙuri. Yanzu dai saura daddawa da ɗan yaji, sai a kawo tuwo a ci da ke. Ga akuyar can ma tun ɗazu take kallonki, ita ma ta gane abinci."

"Kai take kallo. Ta ga gemu irin nata, tana tsammanin ɗan'uwanta ne ya dawo daga kiwo."

Dariya ta ƙwace masa har ruwa ya sarƙe shi. Ta jira ya gama tari.

"Ko ka fi so in sayo man kanti," ta ce, "irin wanda ke mayar da fuska fara ya bar gwiwa baƙa?"

"A'a, wannan kam ban yarda ba. Gara ki zama miya da ki zama zabuwa."

A ransa ya ji daɗin maganar. Ya ga 'yan mata da yawa a garin nan da man kanti ya ƙone wa kumatu, kuma bai so a ce tasa ta shiga sahu ba. Ya miƙe ƙafa, yana ɓamɓare busasshiyar laka daga ƙaurinsa. Sai wani tunani ya zo masa a hankali.

"Wai a ina kika samo kabewa a bazarar nan? Kasuwar Kura kika aika?"

"Me zai kai ni kasuwa ga ta a gida? Ɗakinka na shiga sharewa, tunda matarka ce ni ko ba na so. Na leƙa ƙarƙashin gado, na ga wata ƙatuwa ka tura can ƙurya ka manta da ita, har ƙura ta rufe ta."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙaurin.

"Mai jan ƙyalle a kututture?"

"Ita. Na ce tsufa dai ya zo, an fara yi wa kabewa kwalliya."

Kabewar nan ba ta miya ba ce, iri ce. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin a ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta garin, tun ba a haƙa kanal ba. Jar tsoka gare ta, mai gari, ba ta tsinkewa a miyan taushe, kuma takan kai wata daminar ba ta ruɓe ba. Da ruwan kanal ya zo, kowa ya koma shinkafa da tumatir, masu shuka kabewa a gefen gona suka koma sayen iri a kasuwa, har ya zamana daga shi sai maƙwabcinsa Hambali ke da irin tsohuwar. Daminar da ta wuce ruwa ya kwanta a gonaki ya kashe yaɗon duka, nasa da na Hambali. Guda ɗaya ce ta tsira, wadda ta hau dangar bayan gida.

A gidansu ba a fasa kabewar iri da wuri a shanya 'ya'yan, saboda ɓera da gara. A cikin uwarsu ake barin su, a ɗaura mata jan ƙyalle, a tura ta ƙarƙashin gado, sai hadari ya fara haɗuwa a fito da ita. Kowa a gidan ya san ba a taɓa kabewa mai ƙyalle. Nafisat kuwa tun tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, daga nan jami'a, daga nan kudu. Ba wanda ya taɓa tunanin gaya mata, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai buƙatar a gaya masa.

"'Ya'yan fa?" ya ce. Ya yi ƙoƙari muryarsa ta fito yadda ta saba. "Ina kika zuba 'ya'yan?"

"Su ne ma abin. Matar ta ce mansu yana hana gashi karyewa. Na soya su, in sun huce in daka in cuɗa da man kaɗe." Ta jawo kasko daga bayanta ta tura masa. "Na ɗan barbaɗa wa wasu gishiri. Ci mana, ko haƙoran ba za su iya ba?"

Ya duba cikin kaskon. Ga su nan sun yi ja, wasu har sun fashe. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya ciza, ko Allah ya sa wutar ba ta ratsa shi ba. Ta ratsa. Ƙarin haushin ma, daɗi gare shi.

"Duka kika soya?"

"Wai me ya faru ne? Ka yi wani iri."

"Ɓawon da sauran tarkacen fa?"

"Na ba akuya."

Ya juya ya dubi akuyar. Tana tuƙa, hankalinta kwance.

"Iri ce, Nafisatu," ya ce. "Ita kaɗai ta rage a garin nan. Ta Inna ce, kakar ubanki. Jira nake a yi ruwan farko in fasa ta, har na yi wa Hambali alkawarin zan ɗibar masa."

Idanun da ke cikin yaɓen suka daina motsi. Ya kira ta da sunanta, abin da ba ya yi sai magana ta zama magana.

"Kaka," ta ce. Ita ma ta ajiye angon. "Wallahi ban sani ba. Na ɗauka mantuwa ka yi."

"Na sani."

"Bari in je Kadawa gobe, wurin masu binciken noma. Ba za a rasa irin kabewa ba. Ko in shiga Kano in nemo."

"Za ki samo kabewa. Wannan ce dai ba za ki samo ba. Ta kasuwa ruwa ce aka sa wa riga."

"Ko wani a Madobi, ko cikin dangi..."

"Na tambaya tun da kaka. Babu."

Ta sunkuyar da kai. Ba faɗa zai yi mata ba, ya san laifin gidan ne gaba ɗaya, har da shi. Abin da ke damunsa shi ne ta yadda zai dubi Hambali, da kuma ta yadda abin da tsohuwa ta riƙe shekara da shekaru zai ƙare a kasko a hannunsa.

Sunkuyawar da ta yi ce ta sa ya lura da kanta. Ta ɗaure shi da baƙar leda a ƙarƙashin ɗankwali, wani ruwa-ruwa yana tsatsowa ta gefe. A bayan kunnenta na dama kuwa, wani ɗan abu fari ya sulalo daga ƙarƙashin ledar ya maƙale. Ya ƙanƙance ido. Ɗan kabewa ne. Fari sol, mai ciki, wuta ba ta taɓa shi ba. Yana cikin kallo sai ga wani ya leƙo a bayansa.

Wani sanyi ya sauko masa tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya tuna da maganar haƙora huɗu da ta gemun akuya. Ya rufe bakin, ya gyara zama, ya ɓata fuska iya ƙarfinsa.

"To," ya ce, "abin da ya faru ya faru. Amma kafin in yafe, akwai maganganun da za a gyara a gidan nan."

"Faɗi ko mene ne, Kaka."

"Tsakanin Kura da Bunkure, akwai namijin da ya fi ni kyau?"

"Babu."

"Da hula ko ba hula?"

"Ko yaya."

"Tuwon da kika yi shekaranjiya, wanda kika ce garin ne ba kyau. Garin ne ko hannun?"

"Hannun ne."

"Wa ya roƙi wani aure, ni ko ke?"

"Ni ce."

Ya ɗauka zai ji daɗi, sai ya ji abin salam kamar kunun da ba tsamiya. Ashe zolayar ba ta da armashi in ba a rama ba. Yana neman wata tambayar ke nan ya ga hawaye ya gangaro mata, ya yanka hanya a cikin kabewar, ya bar layi baƙi tun daga ido har haɓa. Nan wasan ya fita daga ransa.

"Ke, tsaya. Kada ki ɓata yaɓen, an sha wahalarsa. Kawo hannunki."

Ya miƙa yatsu biyu bayan kunnenta, ya ciro ɗan kabewar, ya ajiye mata a tafin hannu. Ta dube shi, ta dubi kaskon, ta sake dubansa.

"Me kika sa a kan nan?" ya ce.

"Kayan cikin ne. Wannan zare-zaren da 'ya'yan ke manne a jiki. Na cuɗa da kindirmo na shafa."

"Kin dafa?"

"A'a. Shi ɗanye aka ce."

"Kin daka?"

"Na so in niƙa a bilenda, ba wuta. Taɓaryar gidan nan kuma ta yi mini nauyi."

"Da kika zo tsince 'ya'yan, kin tsince tas?"

"Na dai tsince na sama-sama. Santsi gare su, suna ta zille mini, na gaji."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Sammani, ya ɗaga hannu sama. "Allah na gode maka da ka ba ni raguwar mata. Da mai ƙwazo na aura, da yau na shiga uku."

Ta dafe kai da hannu biyu, tana dariya tana share hanci, kabewar fuska tana zubowa gutsure-gutsure a cinyarta.

"Kana gani tun ɗazu ka bar ni ina kuka?"

"Ban daɗe da gani ba."

"Ka daɗe. Tun kafin maganar tuwo."

"Tashi ki ɗauko faifai da mataji, ana magana ta girbi kina maganar tuwo."

Ta kawo faifai, ta cire ɗankwali, ta kwance ledar a hankali. Tun a jikin ledar ma ga su nan a manne. Ta sunkuya a kan faifan tana taje gashin, shi kuma ya tsuguna a gefe da ƙwaryar ruwa, duk wanda ya faɗo ya ɗauraye shi, ya matsa tsakanin yatsu. Mai ciki ya ajiye dama, fanko ya jefa wa kaji. Na daman suna ta ƙaruwa. Da suka rufe masa tafin hannu ya daina jin tsoro, da suka kusa cika na biyu ya fara 'yar waƙa a maƙogwaro.

"Shekarata nawa ina noma," ya ce, "ban taɓa ganin gonar da aka shuka da safe aka girbe da hantsi ba. Ashe kan nan yana da amfani. Mu muna ta biyan makaranta muna zaton a ciki abin yake, ashe a waje ne."

"Ci gaba dai."

"Taki ne ya yi masa yawa. Na daɗe ina zargin haka."

Sai ta ɗago, ta mayar da gashin baya, ta ɗauki ledar ta fara naɗewa.

"Me kike yi? Akwai saura a ƙeya, ina hango su."

"Na sani. Manyan ma can suke. Amma matar ta ce sai ya bushe ake wankewa, ka katse mini magani a tsakiya. Kuma ina da tambaya. Girbin nan, a gonar wa aka yi shi?"

"Irin nawa ne."

"Ban ce ba naka ba ne. Ƙasar fa? In mutum ya yi shuka a gonar wani a bakin kanal, haka yake kwashewa ya tafi, ko sannu babu?"

"Ni na ce ki shuka? Sata kika yi, Allah ya tona asirinki ta bayan kunne."

"To ɓarauniya ta rufe gonarta." Ta ɗaura ɗankwali a kai, ta naɗe hannu. "In ya bushe in je in wanke a kanal, ruwa ya kai wa mutanen Kadawa. Su ma ai bayin Allah ne."

Ya san ba za ta yi ba, ita ma ta san ya sani. Amma ya ji daɗin dawowar bakin har cikin ransa, don haka ya yi fuskar wanda aka ci zalinsa.

"Faɗi abin da kike so, azzaluma."

"Na farko, maganganun da aka sa ni na faɗa ina cikin tashin hankali, duk na janye."

"Har da na kyau?"

"Shi ne ma kan gaba. Ko a cikin gidan nan ba ka zo na ɗaya ba, ga zakara."

"Tuwon fa?"

"Garin ne."

"Wannan kam ko alƙali ba zai yarda ba. Na ba wa kare ya sunsuna ya yi mini kallon me na yi maka."

"Garin ne, ko in tafi kanal."

"Garin ne," ya ce da sauri. "Mai injin niƙan ne azzalumi."

"Na biyu, in an shuka, kunya guda tawa ce. Ta gyaran jiki. Ba mai taɓa mini ita da sunan miya."

"Kunya guda? Fuskar taki fili nawa ce? Ko duk 'yan matan garin za ki yi wa yaɓe?"

"Ka ga ka kawo shawara. Ƙawayena su Aziza ma sun ce in ya yi mini kyau za su gwada."

"Shi ke nan, bana ba mai shan miyan taushe a ƙasar Kura. Maza su dawo daga gona su tarar da tukunya wayam, miyar tana zaune a tabarma tana danna waya." Ya yi ajiyar zuciya. "Na ba ki waɗanda suka fito a karkace. Su suka dace da ke."

"Ta fari nake so. Wadda ta fara nuna."

"Ta fari ta iri ce."

"To ta biyu."

"Ta biyu ta Hambali ce, in nasa bai yi ba."

"Tsoho, kana so in buɗe ƙeyar nan ko ba ka so?"

"Ta uku, da duk abin da ya biyo bayanta a kunyar. Kuma ni zan yi miki noman, don na ga yadda kike da taɓarya, balle fartanya."

Ta yi kamar tana nazari, sannan ta kwance ɗankwalin ta sunkuya. Gaskiyarta, manyan suna ƙeya, sun taru a inda gashin ya fi cika. Ta taje, ya tsince, har aka kai ga mataji yana fitowa ba komai sai zare. Ya sa ta girgiza ledar a kan faifai, ya duba bayan ɗaya kunnen, ya duba wuyan rigarta, can ma ya samu biyu.

Daga nan ta tafi bayan ɗaki da bokiti ta wanke kai da fuska. Shi kuma ya baza irin a wani busasshen faifai, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya hau kan wani. Ya kai inuwa ya ajiye, ya dubi kaji, ya ɗauke. Ya ɗora a kan katanga, ya dubi akuya, ya sake ɗaukewa. A ƙarshe ya zauna ya ɗora faifan a cinyarsa.

Ta dawo tana tsane gashi da tsohon zane, ta tsuguna a gabansa ta karkata kumatu.

"To, faɗi gaskiya. Ya ka gani?"

Ya duba da kyau. Tabon yana nan inda yake, amma fatar ta yi wani sheƙi, ta yi lumus kamar ta yarinya.

"Tabon bai tafi ba."

"Ai ba rana ɗaya yake tafiya ba. Sai an yi ta yi."

"Da kabewar wa?"

"Ta kasuwa, kafin tawa ta nuna. Ruwan da aka sa wa riga ma ai ya isa fuska. Amma laushin fa? Taɓa ka ji."

Ya dangwala mata yatsa a kumatu. "Ba laifi. An samu ci gaba. Da kamar bayan kada, yanzu kamar cikinsa."

"Allah ya shirye ka. Akwai saura a kwano, in shafa maka a wannan fason na ƙafarka? Har ƙadangare zai iya ɓuya a ciki."

"Ki bar mini ƙafata. Da ita nake gane hanya in na manta takalmi."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wani tsohon hankici, ya shimfiɗa a gwiwa. Ya raba irin kashi uku da gefen hannu. Kashi ɗaya ya tura gefe, na Hambali. Ɗaya ya bari a tsakiya. Na ukun ya kwashe ya zuba a hankicin, bai ƙulle ba, ya miƙa mata a buɗe.

"Wannan fa?"

"Naki ne. Ba na kunyar ba, na ajiya. Ki shanya a inuwa su sha iska, in sun bushe ki ƙulle ki sa a inda ni ma ban sani ba. Yau na ga abin da ke faruwa in aka tara komai a ƙarƙashin gadon tsoho ɗaya." Ya gyara faifan a cinyarsa. "Inna ma ba ta fi ki shekaru ba lokacin da ta zo da shi."

Nafisat ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon 'ya'yan. Ya ga alamar idon zai sake kawo ruwa, ya yi maza ya tare.

"Sharaɗi ɗaya. Ba a kasko ba, ba a baki ba, kuma don Allah ba a ka ba."

"Kai ka ajiye a ƙarƙashin gado aka sace," ta ce. "Ni na ajiye a ka suka tsira. Tsakanin ni da kai wa ya iya ajiya?"

Malam Sammani ya dube ta, ya dubi irin da ke faifan. Dariya ta kama shi har faifan ya fara rawa a cinyarsa, ya yi sauri ya dafe shi da hannu biyu.

"Ke ce," ya ce. "Na ba ki. Miƙo mini kaskon nan, tunda an riga an soya."